Aman Rana

Har yau in na ji warin kifin da ya kwana, Kaka Hajo nake tunawa, uwar babanmu, Allah ya jiƙanta. A gidanmu na Madarunfa, da an sallame Magariba takan tara mu bakin murhu, tuwo na kan wuta, ta ce, "Ga ta nan, mai kunne ya matso."

Tatsuniyoyinta daɗi gare su, ban da guda da na tsana: ta Rana mai haɗama.

Wai Rana ta sauko tafki ta iske kifi ya mutu ya kumbura, tsutsa na fita ta idanunsa. Ba wanki, ba gashi, ta haɗiye har da ƙudajen. Ciki ya ɗauki ƙugi. Sai gyatsa mai ɗoyi, sai amai, ja, mai kauri, yana zuba kan gonaki. Shi ya sa ƙadangare ke ɗaga kai yana saukewa, cikin Rana yake dubawa don ya gargaɗi mutane.

Tsohuwar nan ba ta rage komai, har kakarin aman take yi da maƙogwaro. In na ce, "Kaka, don Allah ki bari!" sai ta ce, "Maigidana, ai ban zo kan majinar ba." Kafin a kwashe tuwo zuciyarmu ta tashi. Loma biyu, mu ture akushi. Tir!

Kwanan baya ɗiyata, mai karatun kimiyya a Maradi, ta nuna mini bidiyo a waya: rana na feso wani jan abu daga gefenta. Ta ce taurarin ɗan adam ke gadinta. Walƙiyar ake fara gani, abin da ta feso ya biyo baya, in ya nufo duniya a sanar da masu lantarki da jiragen sama. Wasu taurarin sama ma suna irin wannan feshin. Na ce, "Masu gadin nan, ƙadangarun Kaka ke nan." Wallahi sai da na tofar da miyau.

Na kai wa yayata Rabi labarin ina dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ba ka taɓa lura ba? Sai tsakiyar damina Kaka ke yin tatsuniyar nan, in rumbu ya kai ƙasa. Tuwon ba ya isarmu. Abin da muka ture, shi ne ɗumamenmu na safe."

Shekara da shekaru ina ce wa Kaka tsohuwa mai ƙazamin baki. Na ce, "To ita me take ci?"

Rabi ta dube ni. "Ka taɓa ganin hannunta cikin akushin?"