Kawu Bawa da Shafin Ungulu

Duk wanda ya zauna da Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, ya san ba a kawo masa labari a tafi salin alin. Ka ce masa an yi ruwa a Galadi, sai ya ɗaga gira ya ce, "Wa ya gani?" Ka ce ai kowa na faɗa, sai ya ce, "Kowa ɗan gidan wa ne?" Ranar da aka zo yi masa albishir cewa ɗiyarsa ta haihu a Zurmi, sai da ya tambayi mai albishir ko ya ga jaririn da idonsa. Bai gani ba. Goron albishir bai fito ba sai ranar suna.

Shekara talatin ya yi yana malamin daji. Da ya ajiye aiki ya dawo Kaura Namoda, sai ya ce zai rubuta ɗan littafi don yaran firamare: tsuntsaye arba'in na ƙasarmu, kowane da shafinsa, da zanensa, da abin da yake ci, da inda ake samunsa. Dalilinsa mai kyau ne, ban taɓa musun wannan ba. Yaran yanzu ba sa wuce bayan gari saboda 'yan bindiga, har wani jikansa ya ga balbela ya ce farar kaza ce mai dogon wuya. Kuma littattafan da aka ba su lokacin koyon aiki duk daga waje aka kawo su.

"Tsuntsu sittin na haddace," in ji shi, "babu ɗaya da ya taɓa taka Zamfara. Duk a kan ƙanƙara suke tsaye!"

Ni aka zaɓa in riƙa rubutawa da zanawa, don hannuna yana da kyau, kuma ba ni da baki. Lokacin ina shekarar farko a kwaleji. Na ɗauka aikin hutu ɗaya ne. Likita kuwa ya riga ya ce zuciyar Kawu ta gaji, ƙafafunsa sun soma kumbura, don haka buri ɗaya na sa a raina: ya riƙe littafin nan a hannunsa kafin ta Allah ta kasance. Shi kuma kamar ya rantse sai ya hana.

Ga dokar da ya kafa tun ranar farko. Babu tsuntsun da zai shiga littafi sai an gan shi da rai, a gaban shaidu biyu, kamar a gaban alƙali, a rubuta sunayensu a ƙasan shafi. Shi ba ya cikin lissafi, wai shi ne mai da'awa. Ni da matarsa Inna Kulu, mu biyu a haɗe, shaida ɗaya ce. Cikon na biyu Malam Iro ne, mai faci a ƙofar gida.

Ba zan manta da ranar cilakowa ba. Ta sauka a kan dogonyaron tsakar gida daidai lokacin da Inna ke tuƙin tuwo. Kawu ya ɗora madubinsa na hangen nesa, wanda idonsa ɗaya ya fashe tun kafin a haife ni kuma ya ƙi sauya shi, ya shiga raɗa mai ƙarfin da ya fi ihu.

"Asma'u, kira Iro! Kulu, taho, taho!"

"Malam, tuwo nake yi."

"Tuwo ba shi da fiffike, ba inda za shi!"

Inna ta leƙo da muciya a hannu, ko sama ba ta duba ba, ta ce, "To, na gani."

"Bakinta wane launi ne?"

"Launin tuwonka in na ƙara minti ɗaya a nan."

Kafin Malam Iro ya ajiye tayar da yake liƙewa, cilakowa ta yi gaba. Mako uku muka jira ta dawo. Tuwon ranar kuwa mun ci shi da ƙauri, Kawu yana ci yana cewa ai laifin Iro ne da ba ya gudu.

Haka muka yi ta fama, hutu bayan hutu. Ƙawayena suna zuwa biki, ni ina bakin gulbi a zaune da littafi a cinya, ina jiran zalɓe ya juyo da fuskarsa. Wani ya taɓa turo mani hoton burtu ta waya, na kai masa da murna. Ya duba, ya miƙo mani, ya ce, "Wayar za ta yi rantsuwa?" Na koma ɗaki na cije gyalena. Amma a shekara ta uku mun kai talatin da tara. Saura ɗaya, kuma na ɗauka ita ce mafi sauƙi: ungulu.

Wai ungulu! Wa zai ce ungulu ce za ta tsayar da mu? Muka je mahautar Kaura sau biyar, babu. Muka je ta Zurmi, babu. Ranar wata Alhamis muka shiga motar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi, kowa na addu'a a hanya, Kawu na leƙen sama ta taga da madubinsa mai ido ɗaya. Wani dattijon mahauci ya saurare mu, ya goge wuƙa a zanensa, ya yi dariya.

"Ungulu, Alhaji? Rabona da ita tun ɗana na fari yana goye. Ga shi can yana fiɗa."

Ya nuna mana rumfar wani mai maganin gargajiya. Mutumin ya buɗe jaka, ya fito da busasshen kan ungulu, ya ce ga ta nan, kuma tana maganin abubuwa bakwai. Ban taɓa ganin Kawu ya fusata haka ba. Ya ɗaga sanda.

"Ashe kai ne ka cinye mani shafi!"

Da ƙyar mahauta suka raba. Ni kuwa na ja gyale na rufe fuska, ina fatan ƙasa ta tsage.

A hanyar dawowa na lallaɓa na ce, "Kawu, kowa fa ya san ungulu. Mu sa ta kawai."

"Ba a gan ta ba."

"To mu bar ta, mu buga talatin da tara."

"Littafin tsuntsaye babu ungulu? Ke ɗiyar nan, karatun mi kuke yi a kwalejin?"

Ba a sa ta, ba a barinta. Shekara guda cur littafin yana cikin akwati. Kawu ya daina hawa mashin, sannan ya daina zuwa masallacin Juma'a, sannan ya koma sallah a zaune. Duk lokacin da na dawo hutu sai in tarar ya ƙara ramewa, amma tambayarsa ta farko ita ce ko na duba sama a hanya.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ni da ban taɓa satar amsa a jarrabawa ba, na haɗa baki da Inna muka nemo shaidun ƙarya. 'Ya'yan ƙanenta ne, Sani da Lawali, 'yan kabu-kabu. Na zaunar da su na koya masu: ranar Talata, a Jangeru, da hantsi. Suka shigo suka durƙusa suka gaishe shi, suka faɗa kamar yadda aka tsara.

Kawu ya gyara zama, idonsa ya yi haske. Ya ce Sani ya fita waje tukuna.

"Lawali, a kan mi ta sauka?"

"A kan kuka, Baba."

"Kanta da gashi?"

Wannan ban koya masa ba. Ban ma yi tunanin akwai mai buƙatar a koya masa ba. Lawali ya saci kallona, na sunkuyar da kai.

"Cike, Baba," in ji shi. "Har da tukku."

Inna ta saki dariya daga bayan labule, ta toshe baki. Na jira tsawa. Amma Kawu bai yi faɗa ba. Ya dubi Lawali, ya ce a hankali, "Shekarunka nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Kuma ba ka san ungulu sanƙo gare ta ba."

"Wallahi Baba ban taɓa ganinta ba. Anti Asma'u ce ta ce..."

Kawu ya juyo gare ni. "Har da ke?"

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Shekara huɗu ina cewa "to, Kawu", ranar nan sai na ji ina magana da ƙarfi, hawaye na zuba, har Malam Iro ya leƙo daga zaure.

"Har da ni! Na gaji, Kawu! Ungulu ba ta nan, kuma ba za ta zo don kana jira ba. Ga saurayi a gabanka bai san kamanninta ba. Ba don irinsa ka fara littafin nan ba? To rubuta masa gaskiya, ka ce mun nema ba mu samu ba. In shaidu kake so a kan wannan, mahautar Kaura da ta Zurmi da ta Shinkafi cike suke da su!"

Na tsorata da kaina, na fara neman takalmina.

"Zauna," in ji Kawu. "Tun yaushe kike da baki?" Ya yi ɗan tari. "Ɗauko alƙalami."

Ga abin da ya shifta mani, ban sauya ko harafi ba: "Ungulu. Babba ce, kanta babu gashi, tana cin mushe, tana tsabtace gari. Kakanninku sun san ta a kowace mahauta. Mun neme ta a Kaura da Shinkafi da Zurmi ba mu gan ta ba. Zanen nan daga kwatance aka yi shi. Wanda ya gan ta kada ya jefe ta, ya kira babba ya nuna masa." Mahauta uku suka dangwala yatsa a ƙasa. Ya kuma tilasta wa Lawali ya sa hannu, wai shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi.

Cikin mako biyu aka buga a wani shago kusa da tasha. Na kawo masa na farko. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya buɗe shafi bayan shafi, yana bin sunayen shaidu da yatsa, har ya kai ƙarshe. Na tsaya ina jiran ko da "madalla" ce.

Ya ce, "Ƙafar zalɓe ta yi gajarta."

Shi ke nan fa! Shekara huɗu! Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Sai daga baya Inna ta gaya mani cewa tun ranar bai bari littafin ya bar gefensa ba, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya buɗe masa bango ya nuna sunana, ya ce, "Ɗiyar yayata ce. Ba a samun irinta." Ni dai bai taɓa faɗa mani ba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi da littafin. Ya cika bayan la'asar, yana jingine, littafin a kan ƙirjinsa. Sauran kwafin suna makarantun firamare uku yanzu, gefunansu har sun yi baƙi da hannun yara. Ƙafar zalɓen kuwa na koma bakin gulbi na duba. Gaskiyarsa ce, ta yi gajarta.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa, ya yafe mani tsawar da na yi masa. Allah ya yalwata kabarinsa, ya saukar da shi a inuwar itatuwan da ba a sarewa. Amin.