Hannun Hajiya Nuhad

Hajiya Nuhad ta tsufa tana auna hawan jini a ƙaramin asibitinmu na Tarabulus. Ga faɗa, ga gahawa mai ɗaci da take ɗura wa kowa, ko ya so ko ya ƙi. Ni ce likitar masu damuwa, mace 'yar'uwarta, amma rabin marasa lafiyata a ɗakinta suke fara sauke kukansu, kuma har yau abin yana ba ni kishi.

Hajiya ba ta musabaha da maza. In namiji ya miƙo hannu, sai ta dafa ƙirji ta ɗan rusuna. Mata kuwa rungumarsu take yi, ta sumbaci kumatunsu.

Lamis ta zo mana da rani. An haife ta ana kiranta namiji, ita kuwa tun tana ƙarama ta san kanta mace ce. Gida sun kore ta, abinci ya daina shiga, ta fara cewa rayuwar ta ishe ta. Zuwanta wurina ne kawai ke riƙe da ita.

Ranar da suka fara haɗuwa, Lamis ta miƙa hannu. Hajiya ta ji kaurin muryarta, hannunta ya tafi ƙirji tun kafin ta yi tunani. Lamis ta yi murmushi, ta fita, ba ta dawo ba. Da na same ta a waya sai ta ce, "Likita, na saba da zagi. Wannan ladabin ne ya karya ni."

Tsoro ya kama ni, don na san inda irin wannan shirun yake kai mutum. Na gaya wa Hajiya ba ɓoye-ɓoye. Ba ta kare kanta ba. Ta wanke kofunan da ta riga ta wanke, sannan ta ce, "Ki ce ta zo. Ki ce tsohuwar banzar nan ce ke nemanta."

Da ƙyar Lamis ta zo, ta same ni a ɗakin Hajiya, ta tsaya a bakin ƙofa, hannayenta cikin aljihu. Hajiya ta jawo ta ciki ta rufe ƙofa.

"Ke, wannan ramar fa? Zauna, 'yata. Wai, zafin garin nan zai kashe ni!"

Sai ta zare mayafinta ta rataye a jikin kujera. Furfura ta bayyana, wadda rabon wani namiji da ganinta tun rasuwar mijinta. Ta ɗauko abin awo tana mita kamar ba ta yi komai ba.

Lamis ta kalli mayafin, ta kalli kan Hajiya. Hawaye suka zubo mata.

"Inna, kin manta ina nan?"

"Na manta me? Mu uku ne a ɗakin, duk mata. Miƙo hannun."

Lamis ta miƙa.