Tarba a Kan Ƙanƙara

Allah da Ya halicci ruwa Shi ne Yake umartarsa ya daskare har ya ɗauki mota. Na san haka a karatu, amma ban gani da idona ba sai a shekarun da nake jan salla a wani ƙaramin masallaci a unguwar Highbridge ta Bronx, can ƙasar Turawa, ƙarƙashin shagon wanki.

Cikin masu bina salla akwai wani direban tasi, mutumin zangon Kumasi, magidanci marar yawan magana. Ya daɗe yana koyon tuƙin jirgi a ranakun hutunsa. Wani tsohon Bature ne yake ba shi aron ƙaramin jirginsa, ya kuma yi alkawarin gabatar da shi ga masu ɗaukar matuƙa aiki idan hannunsa ya faɗa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: ranar da jirgin ya ƙwarzane, zance ya ƙare. Ta wannan ƙofa kaɗai bawan Allah yake fatan rabuwa da tasi.

Mutanen masallaci ba su yarda yana tashi sama ba. Jagoran tsokanar wani Alhaji ne mai shagon atamfa a titin 125th Street, dattijon da ya sauke shi a ɗakinsa lokacin da ya zo ƙasar.

"Kyaftin, yau ina za mu? Makka ko nan unguwar Morris Heights?"

Direban ya gaji, ya gayyace su su gani. A can arewa akwai tafkin da ke daskarewa da hunturu. Mutanen wurin sukan share dusar ƙanƙara su fitar da doguwar hanya, ƙananan jirage su riƙa sauka a kai. Ni ya roƙa in shiga jirgin tare da shi saboda addu'a, sauran su riga mu a mota. Ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, don Allah ku tsaya bayan igiya, inda ake ajiye motoci. A kan ƙanƙara birki ba ya ci. Jirgi sai ya gaji don kansa yake tsayawa."

Alhaji ya ce, "Mun tarbi alhazai a filin jirgi tun ba a haife ka ba."

Daga sama tafkin fari fat, hanyar ta miƙe a tsakiyarsa kamar alif a sabon allo. Direban ya rage gudu, ya sauko sannu a hankali. Ban ji lokacin da tayoyin suka taɓa ƙasa ba. Na fara hamdala ke nan sai na hango su.

A wurinmu, wanda ake girmamawa ba a tsayawa a jira shi ya iso, tarbarsa ake yi. Ko girmamawar ce ta motsa su ko son a ɗauke su hoto, Allah Ya sani. Sun ƙetare igiyar, sun shigo tsakiyar hanya, manyan riguna bisa rigunan sanyi, suna ɗaga hannu. Alhaji ne a gaba, yana takawa a hankali don kada ya zame. Wani Bature na can yana yi musu ihu, ba wanda ya waiwaya.

Gudun da ya rage bai isa a sake tashi ba, hanyar da ta rage ba ta isa a tsaya ba. Na ji ya ce, "Malam, riƙe." Ya karkatar da jirgin ya cusa shi cikin tudun dusar da ke gefe. Farfelar gaba ta lanƙwashe, fiffike ɗaya ya daki ƙasa. Ba wanda ya ji ciwo.

Direban ya fito, ya dubi Alhaji a gaban Turawa ya ce, "Ba ku da hankali ne?"

Tsohon Baturen bai yi faɗa ba. Ya zo, ya zagaya jirginsa, ya karɓi makulli, bai ƙara ɗaga wayar direban ba.

Kafin mu dawo Bronx, hoton bidiyon hatsarin ya riga mu. Wanda ya ɗauka ya fara ne daga inda jirgin ya karkata, ba a ganin kowa a hanya. Har Kumasi ya kai. Yaran da ba sa amsa mana da Hausa ma sun koyi cewa "Kyaftin ya yi fakin." Na faɗi abin da na gani a gaban jama'a, aka ce, "Malam, kai ai idonka a rufe yake, kana addu'a."

Abin da ya dami masallaci shi ne zagin da ya yi wa Alhaji. Aka daina amsa sallamarsa da kyau, matan suka janye daga matarsa. Ranar wata Juma'a bayan an idar, ya cire hula ya tsuguna gaban Alhaji.

"Baba, na yi kuskure. A yafe mini."

Alhaji ya bar shi a tsugune har ya gama jan carbinsa.

"Mun bar shago, mun sha sanyi don mu karrama ka. Amma ba komai, ɗa ba ya fin ƙarfin uba. Tashi. Motarka na waje? Sauke ni a shago."

Ya tashi, ya ɗauko wa Alhaji takalmansa.