Ranar da Auta ta hana kajin Inna hijira

Na shiga gidanmu a Safana na tarar Inna ta ɗaure ƙafafun kajinta, mai babur yana jira a ƙofa. Cutar kaji ta shigo unguwa, biyu sun mutu mata. Za ta tura sauran Babban Duhu, gidan ƙanwarta, su tsira. Haka muka taso muka ga ana yi.

Sai ga autarmu ta fito. Digiri na biyu take yi a lissafi, kan yadda ƙwayar cuta ta bairos ke yaɗuwa tsakanin kajin ƙauye. Ni kaina na sha tsokanarta cewa karatun kaji take yi.

Ta durƙusa ta ce, "Inna, don Allah a kwance su. Wata kazar ta riga ta kamu, alamar ce ba ta fito ba. A lissafina, ba abin da ke tsallakar da cutar zuwa wani ƙauye kamar wannan gudun."

Inna ta ce, "Wato ni zan kai wa ƙanwata ciwon da hannuna?"

"Ke za ki kai, Inna."

Kajin nan su ne kuɗin sabulun Inna, su ne gudummawar bikinta. Can ta sunkuya ta fara kwance igiya da kanta.

Rabin kajin Inna sun mutu. Na Babban Duhu kuwa suna nan suna ƙwai.

Jiya na ji Inna tana faɗa wa maƙwabciya, "Kada ki kai kajinki ko'ina, Auta ta lissafa."

Na daina tsokana. Ku a garinku, har yanzu ana gudu da kaji?