Ƙwaya a Rumbu, Ƙwaya a Jini

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba, ranar da na fara aikin hutu a gidan likita na Matameye. Abin da na fara gani da na shiga ɗakin awo shi ne madubin likita a bakin taga, an rufe shi da tsohon ɗankwali. Ba lantarki, don haka akwai ɗan madubi a ƙasansa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Rana kuwa ita kaɗai ce ba ta yi mana rowa ba a shekarar.

Mushenmu na lakwal, wato malaminmu na makarantar boko, ne ya kai ni, don ya ga ina son darasin halitta ko da yake ba na ɗaga hannu a aji. Mai awon, Malam Hamidu, Bazabarme ne, Hausarsa ba ta nuna ba. Sama da shi akwai majo, wato babban ma'aikacin jinya. Aikina wanke lam, 'yan siraran gilasan da ake shafa jini a kai. Ba su da yawa, sai a wanke a sake amfani da su.

Da hantsi wata mata mai suna Laure ta iso a ƙasa daga wajen Icirnawa, goye da 'yarta Habsu. Yarinyar ta isa gudu, amma ko zama ba ta iyawa. Na lura tafin hannunta fari fat, kuma ba ta korar ƙudan da ya sauka a leɓenta. Malam ya huda yatsarta, ya shafa ɗigon jinin a lam, ya bar shi ya bushe, ya zuba masa shuni. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya huda nasa yatsan ya yi wani, ya ce in duba duka biyun.

A nasa na ga ƙwayoyi cike da launi, kowace da ɗan lotso a tsakiya kamar waina. Na Habsu kuwa ƙanana ne, koɗaɗɗu, tsakiyarsu fayau kamar zobe. Ya yi mini bayani da Faransanci. Ya ce jikin mutum duka irin waɗannan ƙwayoyi ne masu rai, kowace da aikinta. Na jini su ke ɗaukar iskar da muka shaƙa su raba wa sauran. Suna tsufa su mutu, ɓargo ya ƙera sababbi daga abin da aka ci. In ba a ci ba, ɓargo ba ya daina aiki, sai dai ya riƙa fitar da fanko. Ya ce in faɗa wa uwar.

Na sunkuyar da kai na ce mata ƙwayoyin jinin Habsu sun yi kaɗan.

Ta dube ni, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"'Yata, ƙwaya ta ƙare a rumbu, ina za ta samu a jini?"

Ta ce tun bayan sallah anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, suke jiƙawa suna ci, mijinta kuma yana Kano cin rani, ba saƙo. Ta roƙa a ba ta ƙwayar asibiti. Malam ya je wurin majo ya dawo fuska a murtuke. Maganin ƙarin jini ya ƙare, kamiyon, babbar motar da za ta kawo shi daga Damagaram, soja sun karɓa don jigilar dawar agaji, kuma ba mai bakin tambayar ranar da zai dawo. Ya ce ko an samu maganin, ba ya aiki a kan cikin da ba komai. Gero yarinyar take so, da wake, da zogale.

Laure ta murza bakin zanenta. Can ta ce akwai irin shuka a tulu, maigida ya liƙe bakin da laka da hannunsa, ya ce ko mutuwa ake kada a taɓa sai ruwa ya sauka. Ta tambaye ni, ni da ban kai ƙanwarta ba, ko in ta daka shi zai shiga jinin. Na juya wa Malam maganar. Ya ce zai shiga, amma a hankali, kuma ba zai yi mata alkawari ba.

"To, zan fasa tulun," in ji ta. "Shi maigida ya zo ya same ni."

Ta goya 'yar ta fita cikin rana. A ranar na gane cewa mai awo yana ganin ciwo sarai, ya kira sunansa, amma sau da yawa maganin yana rumbun wani.

Da la'asar Malam ya turo mini kwanon lam in wanke. Na Habsu yana sama. Na riƙe shi har ruwan ya huce. Ban taɓa roƙon babba komai ba.

"Malam, don Allah a bar wannan kada in wanke. In ta dawo, mu ajiye sabon kusa da shi, mu ga ko irin ya tsira a jininta."