Ruwan Goronyo da aka zubar mana a Rabah

Mun tashi da asuba daga Wurno, mu uku: ni, da ɗiyar ƙanwata mai karatu a jami'a, da direba. Tun a gida na duba kular ƙanƙara sau uku, na ƙirga kwalabe sha biyu, na sake ƙirgawa. Direba ya ce ko jinjiri ba a yi wa wannan tattalin.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu, yadda yarinyar ta bayyana mini, don ni karatuna a firamare ya tsaya. Ta ce cikin ruwa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. A fatarsu akwai wani furotin mai aiki kamar injin ban ruwa na sola. Haske na dukansa sai ya tunkuɗa wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya, wai furoton, daga ciki zuwa waje, ya koma yadda yake, ya jira wani hasken. Da haka halittar ke samun ƙarfi. Saurin wannan juyin take son aunawa, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na'urar awon tana wata jami'a mai nisa, malaminta kuma washegari zai tafi can da ruwan. In ya tafi babu nata, sai bayan damina. Ni aikina in tsare kwalaben cikin duhu da sanyi, in rubuta lokacin da aka ɗebi kowace.

Hanyar Goronyo ta wahalar da mu. Duk ramin da mota ta faɗa sai in buɗe kula in leƙa. Dama da hagu albasa ce shar, injinan ban ruwa na ta ƙugi. A madatsar ruwa muka nuna takardar izini, ta kwana ɗaya ce tak. Wani masunci ya shiga da yarinyar cikin kwalekwale, ni ina bakin ruwa ina addu'a, ina tunanin abin da zan gaya wa uwarta in ya kife. Ta dawo da kwalabe takwas na ruwa kore-kore mai ƙarnin kifi. Na naɗe kowace da baƙin ƙyalle, na rubuta lokaci har da minti. Muka ci soyayyen kifi a tsaye. Ga ruwa ga kifi, amma tsadarsa sai ka ce daga Makka aka kawo shi.

Da azahar muka isa Rabah, inda za mu ƙara ɗiba a gulbi. Muka sauka gidan wani dattijon malami, aminin mahaifina. Mota ta yi zafi, sai na sauko da kular. Malam ya ce a shigar da ita cikin gida, gindin randa ya fi sanyi. Nan a zaure na roƙe shi kada kowa ya taɓa, har sau biyu na faɗa. Ya ce in kwantar da hankalina. Muka tafi masallaci, yarinyar ta shiga ɗaki yin tata sallar.

Da na dawo na shiga gaida matar Malam, sai na ga kwalabenmu jere a rana suna sheƙi, baƙaƙen ƙyallayen an shanya su a igiya.

"Inna, mi ya samu kwalaben ga?" na tambaye ta.

Ta ce, "Haba ɗan nan! Wagga ƙazanta kuke sha tun sahe, kai da ɗiya mace? Na zubas, na wanke su da sabulu, na cika muku da na randa. Baƙo ba ya barin gidan ga da ruwan ƙarni."

Ashe Malam bai gaya mata komai ba, wai ai ba ta taɓa kayan baƙi. Direba kuwa da ya ji, dariya ya yi har da riƙe ciki, yana cewa ruwa ai ruwa ne. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Yarinya ta shekara tana shirin wannan rana, ta shiga kwalekwale ba ta iya iyo ba, a ce ruwa ruwa ne? Kuma babu wanda zan yi wa faɗa. Tsohuwa sa'ar uwata, da zuciya ɗaya ta yi. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Mun gode, Inna, Allah shi saka," idonta cike da hawaye. Har ta ɗauki kwalba ɗaya ta kurɓa don kada tsohuwar ta ji kunya.

Na ce mu koma Goronyo yanzu-yanzu. Direba ya ce ba ya bin hanyar nan da yamma, halin ɓarayin daji da ake ciki kowa ya sani. Gaskiyarsa, amma ban yi masa magana ba har gida. Muka ɗebi na gulbin Rabah a kwalabe huɗun da suka rage, na rungume kular a cinyata. A hanya ta kira malaminta. Ya ce ta kawo huɗun, na Goronyo kuwa sai wani zagayen, kuma kammala karatunta zai ja baya.

Kafin magariba muka shigo Wurno. Ta ce, "Kawu, ba laihinka ba ne." Ni na san nawa ne. Na yi tsaron rana, na yi tsaron zafi da ramuka da ɓarayi, amma na bar saƙo a zaure alhali kaya na cikin gida. Abin da tafiyar nan ta koya mini, in ka ajiye amana a gidan mutanen kirki, ka je da ƙafarka ka gaya wa mai tsakar gida ko mene ne, ko da kuwa ruwan ƙarni ne. Takardar da na rubuta lokutan nan takwas tana aljihuna har yau, na kasa yar da ita.