Randar Baba Tanko

Ranar Alhamis ce bayan la'asar, a shekarar da aka haƙe layinmu na unguwar Manfuha, a birnin Riyad, za a binne bututun ruwa. Har yau ina iya faɗin waɗanda suke wurin. Akwai yayana Sani, da alkyabbar buhun siminti ɗaure a wuyansa, da yaransa a bayansa. Akwai Bashir ɗan Malam Isa tela, shi ma da tasa alkyabbar da nasa yaran. Akwai Inna a ƙofar gidanmu, a lulluɓe, tana suyar ƙosai, leburori tsugune a gabanta suna jira. Akwai matan maƙwabta a bayan labulen ƙofofinsu, ba a ganinsu amma ba abin da yake wuce su. Akwai Baba Tanko a kan tabarmarsa, gefen randarsa. Sai ni, riƙe da faranti, shekarata ba ta wuce goma ba.

A lokacin Riyad kamar ana gina ta ne a kanmu. Duk inda ka juya yashi ne da bulo da ƙarar tifa. Babanmu ma tifar yake tuƙa wa kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, sai ya yi kwanaki ba mu gan shi ba. Yara maza suna zuwa makaranta, suna dawowa da Larabci a baki fiye da Hausa. Ni ba a sa ni ba. Aikina surfen wake, da ɗebo ruwa, da hura wuta. Har yau ban san baƙi ba, amma hoto ba ya buƙatar malami, kuma hotunan nan na mujallun zane na kalle su har na haddace. Jarumai ne masu alkyabba, suna tashi sama, suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Baba Tanko ne yake kawo su. Tsofaffin kaya yake saye daga kasuwar Baɗha yana kasawa a ƙofarsa, mujallar da ta tsufa kuwa kyauta yake miƙa wa yara.

Daga mujallun nan yaran layin suka kasu gida biyu. Na Sani su ne Gaggafa, na Bashir su ne Walƙiya. Ramin bututu shi ne iyaka, tulin bulo shi ne fada. Ni nake ɗinka musu alkyabbu da basilla, in kakkaɓe buhun siminti, in huda, in zura igiya. Ladana kawai a bar ni in zauna a gefe idan Sani yana karanta musu yana fassarawa.

Baba Tanko tsoho ne siriri, ba mata ba ɗa. Shi yake share masallaci. Kullum da sassafe sai ya wanke wata babbar randa ya cika ta, ya rufe da faifai, ya ɗora moɗa, duk mai wucewa ya sha. A zafin Riyad wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manya suna cewa, "Bawan Allah ya tuba," ba sa ƙarawa, mu kuma ba ma tambayar daga me. Dokar unguwar ke nan: ba a tambayar mutum yadda aka yi ya zo ƙasar nan.

Amma ni ina da ido. Na lura Inna ba ta taɓa shan ruwan randar ba, ta kuma hana ni. Ba ta sayar masa da ƙosai, shi ma bai taɓa tambaya ba. Idan za ta wuce sai ta tsallake ramin ta bi ɗaya gefen. Dalilin na ji shi wata rana ina surfe, tana gaya wa wata ƙawarta da ta zo daga unguwar Jaradiya, a zatonta ƙarar turmi ta rufe maganar. Tana yarinya ƙarama ta taso daga gida tare da ayarin alhazai, iyayenta suka rasu a hanya. Jagoran ayarin ya riƙe hannunta ya ce zai kai ta Makka. Ya kai ta wani gida ya sayar. A can ta girma tana bauta, har hukuma ta haramta riƙe bayi. Jagoran nan shi ne Tanko. A layinmu Hajiya Ladi ake kiranta, matar direba, mai ƙosai, kuma da wannan sunan take ɗaga kai. Na ji, na haɗiye. Sani bai sani ba.

Rigimar daga wata mujalla ta taso. A cikinta wani mugu ne ya tuba ya ajiye makamansa, sai jarumai suka rabu, wasu suka ce a karɓe shi, wasu suka ce sai ya biya abin da ya aikata. Suka kaure da faɗa a saman gine-gine. Daidai nan mujallar ta ƙare, don shafukan baya sun yage tun kafin ta zo hannunmu. Yara suka ce to su za su ƙarasa labarin. Gaggafa suka ɗauki kariya, Walƙiya suka ɗauki hukunci. Saura wanda zai zama mugun, kowa ya ƙi. Sai Bashir ya yi wata 'yar dariya ya nuna tabarmar Baba Tanko da baki, ya ce ai muna da na gaske. Shagon tela wurin zaman maza ne, yaron kuwa kunnensa a buɗe yake.

Kwanaki suka yi suna abin. Walƙiya su zuba yashi a randa, Gaggafa su kore su da tsakuwa. Walƙiya su ɓoye takalman tsohon a masallaci, Gaggafa su nemo. Sani ya kafa masa gadi kamar sarki, yana cewa wanda ya tuba ba mai taɓa shi. Tsohon bai taɓa ɗaga murya ba. Sai ya zubar da ruwan, ya wanke randar, ya sake cikawa. Manya suna gani suna dariya, wai wasan yara.

A ranar Alhamis ɗin Walƙiya suka tsallako ramin gaba ɗayansu, suka kewaye tabarmar, suka ce yau za a yi shari'a. Bashir ya hau kan bulo ya ce tsohon nan mai sayar da mutane ne. Sani ya sha gabansa.

"Ƙarya kake, ya kazzab! Ina shaidarka?"

"Shaida kake so?"

"Kawo ta in kana da ita, ɗan mai allura."

Na ga bakin Bashir ya buɗe, na kuma san abin da zai fito. Ya miƙa hannu ya nuna ƙofar gidanmu, ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi zai ji. "Ga ta can tana suya. Tambayi uwarka wa ya sayar da ita!"

Layin ya yi tsit, sai ƙarar mai a kasko. Leburorin suka sunkuyar da kai. Labulayen ƙofofi suka motsa. Inna ba ta ɗago ba. Ta juya ƙosan da ke cikin mai ɗaya bayan ɗaya, ta tsame, ta zuba a farantin da ke hannuna. Sani ya juya ya dubi tsohon yana jiran ya ƙaryata. Baba Tanko ya kalli ƙasa ya ce, "Gaskiya ne, ɗana."

Wanda yake gadinsa shi ya fara jifa. Sani ya ɗauki rabin bulo ya maka wa randar, ta dare, ruwa ya malale cikin ramin bututu. Na biyun ya samu tsohon a goshi. Daga nan babu Gaggafa babu Walƙiya, duk suka zama runduna guda, suna jifa suna ihu, alkyabbun da na ɗinka suna kaɗawa a bayansu. Tsohon bai kare fuskarsa ba. Sai da leburorin suka tashi suka tarwatsa su.

Abin da ya biyo baya shi ya koya mini halin mutane. Kafin magariba an wanke wa Baba Tanko goshi, an ɗaure, mata sun aika masa da tuwo. Ana ta cewa haram ne, mutum ya tuba a bi shi da jifa. Ƙofarmu ba wanda ya leƙo. Tun daga ranar Hajiya ta faɗi daga sunan Inna, a bayan idonta sai dai a ce Ladin Tanko, kuma sunan ya bi ta har maƙabartar Ud. Shi an yafe masa abin da ya yi. Ita ba a yafe mata abin da aka yi mata ba. Sani kuwa bai ƙara zama a ƙofar gida lokacin suya ba, kunyarta yake ji, ta kuma gane.

Yanzu jikokina suna kallon irin jaruman nan a talabijin, cikin sanyin na'ura, ba buhu ba basilla. Labarinsu kullum yana da ƙarshe, ana rungumar juna a tashi. Layinmu an shafe shi da kwalta, ruwa yana zuwa har ɗaki, ba mai ajiye randa a ƙofa. Wani lokaci nakan yi kewar ƙarar kaskon nan, da mace ɗaya da take zaune a bayansa.

Washegarin ranar jifan nan da sassafe Inna ta tashe ni. Ta juye randarmu ta tsakar gida, ta ɗora mini a ka, ita ta ɗauko bokitin ruwa. A karon farko na ga ta bi gefen ƙofar Baba Tanko. Yana zaune da ƙyalle a goshi yana tattara guntayen fasasshiyar randarsa. Na sauke randar a gurbin waccan, na cika ta, na rufe da faifai, na ɗauko moɗar daga ƙasa na ɗauraye. Tsohon ya fara kuka yana cewa, "Ladi, don Allah..." Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla ta ce, "Gaya masa ruwan na masu wucewa ne. Tsakanina da shi sai gaban Allah." Na gaya masa kamar yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Na koma gida na tattaro alkyabbun da yara suka zubar a layi, na cusa su a murhu, na hura wutar ƙosai da su. Buhun siminti yana ci da wuta sosai.